Launi na Uku

Masu bibiyar wannan shafi, na ga saƙonninku, har da na wadda ta rubuto cewa in daina jan ƙafa in auri bawan Allah tunda ba ya sha, ba ya duka. Na gode, 'yar uwa, ke da mahaifiyata za ku shirya sosai. Ga wanda yau ya fara leƙowa kuma, sunana Lieneke, shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da zane a wata makaranta a birnin Zwolle, yara 'yan sha biyu zuwa sha huɗu. An sa ranar aurena Juma'a ta biyu a watan Yuni, da Marinus, manomin albasa da dankali a ƙauyenmu, can tsibirin Tholen. Ba wanda ya yi mini dole. Ni na amsa da bakina, a bakin gonarsa, har da dariyata. Ku riƙe wannan, kada gaba a ce na ɗora wa wani laifi.

Abin da ban faɗa wa kowa a gida ba shi ne, makonni uku da suka wuce shugabar makarantarmu, Malama Hoogland, ta kira ni ofis ta ce za su ba ni aikin dindindin. Shekara huɗu na yi ina gararamba daga wannan makaranta zuwa waccan, nan wata shida, can shekara ɗaya, ina riƙe wa masu hutun haihuwa aji. Yanzu ga ɗakin zane nawa na kaina, da makullinsa a jakata, da tsohon injin matse takarda da na roƙa aka fito da shi daga ɗakin shirgi, na kankare masa tsatsa da hannuna. Takardar ɗaukar aikin tana kan teburinta, ta ba ni zuwa Juma'ar nan in sa hannu. Daga Zwolle zuwa gonar Marinus kuwa awa uku da rabi ne, jirgin ƙasa biyu da bas ɗaya. Gona ba ta tashi ta bi mutum. Malama Hoogland ta san ina da wanda zan aura, ba ta san inda zan zauna ba, ni kuma ban ga dalilin kai mata labari ba. Marinus ya san ina son aikina, bai san an miƙo mini shi gaba ɗaya ba. Na zauna a tsakiya na ja bakina na tsuke, ina jiran abin da ni kaina ban san ko mene ne ba.

A wannan zangon buga hoto da lino nake koya wa 'yan aji ɗaya. Lino irin ledar nan ce mai kauri ta shimfiɗa a ƙasa. Ka sassaƙe ta da 'yar wuƙa mai lanƙwasasshen baki, ka murza mata tawada, ka ɗora takarda, ka matse. Duk inda wuƙa ta ci, tawada ba ta hawa. Hanyar da na fi so ita ce ta lino ɗaya, launi uku. Za ka fara buga launi mai haske a duk takardunka. Sai ka koma kan linon nan dai ka ƙara sassaƙewa, ka buga na biyu a kan na farko. Ka sake sassaƙewa, ka buga na uku. Kowane sabon launi yana cinye linon da ya ba da na baya, don haka babu komawa. Kullum ina ce wa yaran, kafin wuƙa ta taɓa wuri su tambayi kansu ko sun gama da shi. Sun haddace maganar, har kwaikwayon muryata suke yi da ita a layin wanke hannu, suna zaton ba na ji.

To, ni da iyayina, da Mama ta ce akwai wani mai buga kati a Bergen op Zoom, garin da ke kusa da ƙauyenmu, da yake da masu hoton kurciya da aya a ƙasa, sai na ce Allah ya kiyaye, ni zan buga katin aurena da kaina. Guda ɗari da arba'in. Na zana ganuwar da ke tare mana ruwan teku, da kunyoyin gonar Marinus, da sama mai faɗi da ta cinye rabin katin. Na buga ɗorawa mai haske a watan Fabrairu, ina waƙa. Na buga shuɗi kafin Ista. Saura na uku, baƙi mai ratsin ƙasa-ƙasa, wanda zai fito da layukan kunyoyi da hasumiyar coci, ya kuma ɗora sunayenmu da ranar biki a tsakiyar saman nan. Tsakanin na biyu da na uku ne Malama Hoogland ta kira ni ofis. Tun ranar wuƙata ba ta sake taɓa linon ba, na naɗe shi a tsumma na jefa saman kabad ɗin aji. A raina, muddin sunayen ba su hau ba, katin hoton gona ne kawai, kuma hannuna ne kaɗai zai iya mai da shi katin aure. Da wannan nake samun barci.

Ranar Asabar da ta wuce na je gida, don Mama ta matsa sai ta ga katunan da idonta. Na jera su a kwalin takalmi, da farar takarda tsakanin kowanne. Kamar kullum, da jirgi ya kusa Bergen op Zoom na shiga banɗaki na cire wando na zura dogon siket ɗina ruwan toka, na goge ɗan jan-bakin da na shafa, na cusa wandon can ƙasan jaka. A ƙauyenmu mace ba ta sa wando. Shekara tara ina wannan canjin kaya a banɗakin jirgi, har na san a wace kwana zan dafa bango.

Na tarar da Mama a kicin ta dafa kofi, ta jera bolus, naɗaɗɗen burodin nan mai zaƙi na yankinmu, a farantin baƙi, masu ɗanko, kirfa har ƙofar gida. Gwaggo Tannie tana zaune a kujerar da ke fuskantar taga, inda ba mai wucewa a titi ba ta gan shi ba. Yayar Babana ce, ba ta taɓa aure ba, amma ba auren da aka yi a ƙauyen nan cikin shekara arba'in da ba ta san inda ya yi rauni ba. Na sa su wanke hannu kafin su taɓa, Gwaggo ta yi mini wani kallo ta saman tabarau. Mama ta ɗaga kati ɗaya, ta juya bayansa, ta buɗe cikinsa, ta sake juyowa.

"Ina sunayen?"

"Saura launi ɗaya, Mama."

"Saura launi ɗaya tun kafin Ista, Lieneke."

Na ce tawada ce sai ta bushe sosai. Gwaggo ta ce a saninta ko fentin sito kwana uku yake yi ya bushe. Ta ce kati wata biyu kafin biki yake fita, kowa ya sani, kuma matar fasto ta tambaye ta sau biyu, matar mai burodi sau ɗaya, ita kuma ta gaji da cewa yarinyar mai fasaha ce. Mama ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi. Cewa ta yi ta san aiki ya yi mini yawa, yara talatin a aji ba wasa ba ne, ta shafa bayan hannuna, ta ce saura kaɗan in huta da duk wannan. Na ji kamar in kifa kaina a kan teburin in yi ihu, sai na ɗauki bolus na biyu.

Da yamma Marinus ya zo, ya yi wanka ya taje gashi, amma ƙasar gona tana nan a gefen farcensa, ba ta fita sai damina ta wuce. Dogo ne, mai jinkirin magana, in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya duba sama tukuna. Ya goge hannu a wando ya karɓi katin da yatsa biyu. Ya daɗe yana kallo, har Gwaggo ta fara gyaran murya. Sannan ya nuna wata kunya a gefen hagu ya ce wannan ita ce ta bakin magudanar ruwa, mai ɗan karkacewa, ashe na lura ta karkace. Na lura. Shi ma ya lura na lura. Ku da kuke tambaya ko ina son sa, ga amsarku nan, ina son sa, abin da ya sa lamarin ya yi mini nauyi ke nan.

Ya ce in zo in ga wani abu. Muka taka zuwa gidansu, ya kai ni bayan siton albasa, ya buɗe wata sabuwar ƙofa da ko fenti ba a yi mata ba. Ɗaki ne ya keɓe mini. Ya fasa bango ya sa babbar taga tana kallon arewa, don ya taɓa jin na ce hasken arewa ba ya yaudarar launi. Ya kafa teburi daidai tsayin ƙuguna, ya ja igiyoyi daga bango zuwa bango na shanya takardu, har da 'yan maƙalai na katako a jere. Ya ce in ina so, yaran maƙwabta za su riƙa zuwa ranar Asabar in koya musu, 'ya'yan ƙanwarsa biyu ma sun ce suna so. Yara biyu, ranar Asabar. Ni da nake da ɗari da sittin a mako, masu surutu da ɓarin tawada da yanke yatsa, waɗanda in ɗaya ya ɗaga takardarsa daga kan lino karo na farko ya ga abin da ya fito, yakan yi shiru kamar an toshe masa baki. Maganar aikin ta zo mini har maƙogwaro. Na kalli tagar da ya kashe Asabar huɗu yana yi, na haɗiye ta, na ce ɗakin ya yi kyau.

Lahadi kun san yadda take a gidanmu. Waya a kashe cikin aljihun tebur, hular coci a ka, safe da yamma, Mama tana miƙo mini minti a tsakiyar wa'azi ba tare da ta juyo ba. Ba a tafiya ranar, sai Litinin da sassafe. To a nan na yi dabarar da nake ganin ta fi kowace. Ina haɗa jaka, na ɗauki kwalin katunan, na tsaya, sai na durƙusa na tura shi can ƙarƙashin gadona. Lino yana Zwolle, katuna suna Tholen, wa zai ce in buga? Na sayi mako guda ke nan, na gaya wa kaina, zuwa lokacin na san abin da zan yi da takardar Malama Hoogland. A cikin bas har murmushi nake yi.

Ƙarfe goma saƙon Mama ya shigo. Ita komai gajartar saƙo sai ta sa hannu a ƙasa. *Kin manta kwalinki. Na gani ina shara. Mama.* Na rubuta mata cewa kash, sai na zo Asabar. Ta amso: *Kada ki damu. Mama.* Ranar Talata kuma: *Gwaggonki tana gaishe ki. Hannunta na ciwo amma ta ce ba komai. Mama.* Na tura mata hoton fure na ce ta shafa mata man zafi. Ban kawo komai a raina ba, ni da nake taƙama da lura.

Yau Alhamis, darasi na ƙarshe 'yan aji ɗaya ne, ranar launi na uku. Ɗakin ya kaure da ƙarar abin murza tawada a kan gilashi, ragar shanya ta cika da kifaye da motoci da wani abu da mai shi ya rantse doki ne. Kowa yana aiki ban da Renske. Yarinya ce 'yar sha biyu, mai kitso biyu da taurin kai, ta fi kowa hannu a ajin. Kyanwar kakarta ta zana, ta buga ruwan lemo, ta buga toka, takwas cif, ba ɗigo ko ɗaya a gefe. Makon jiya ta ce ta manta linonta a gida. Yau ma haka. Na buɗe aljihun teburinta, ga shi nan kwance ƙarƙashin littafin lissafi.

Na ja kujera na zauna kusa da ita, na yi ƙasa da murya na tambaye ta dalili. Ta ce gashin baki da idanu ne suka rage, in wuƙa ta goce a ido shi ke nan, duka takwas ɗin sun tashi a banza.

"In na bar shi haka, Malama, ba zai lalace ba."

"Ba zai lalace ba," na ce, "amma ba zai zama kyanwa ba. Kakarki za ki kai wa tabon lemo da toka?"

Na ci gaba da wa'azi, kun san malamai in suka samu wuri. Na ce ɓoye lino ba ya hana Juma'a zuwa, na ce wanda ya ƙi yanka shi ma ya zaɓa, bai dai sani ba ne. Ta saurare ni tsaf, ta ɗago ta dube ni da idanun nan nata masu kama da na kyanwar.

"To ke naki fa? Na saman kabad, a cikin tsumma. Duk mun gani."

Na teburin baya suka fashe da dariya, wata ta kwaikwayi muryata ta ce a tambayi kai ko an gama da wurin. Kunya ta rufe ni. Na ce kowa ya ji da aikinsa, na miƙe na je na tsaya wurin famfo ina wanke abin da yake a wanke. Da na waiwayo, Renske ta ɗauki wuƙa, ta fito da harshe gefe, tana sassaƙa idon hagu a hankali. Kafin a kaɗa ƙararrawa ta buga guda uku. Ido ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, kuma kyanwa ce sosai.

Suna fita na hau kujera na sauko da linona, na warware tsumman, na ajiye shi a kan teburi. Ban ce zan yanka ba, kallonsa kawai nake so in yi. Ina tsaye a kansa aka ƙwanƙwasa ƙofar da take a buɗe. Malama Hoogland ce, da jakarta a kafaɗa da wani abu mai ɗorawa da shuɗi a hannu. Tun daga nesa na gane shi.

Ta ajiye shi kusa da linon. Katina ne. A tsakiyar saman da na sha wahala kafin shuɗinta ya kwanta sumul, an rubuta *Marinus da Lieneke* da ranar biki, da baƙin alƙalamin nan mai kauri da Gwaggo take rubuta shekara da shi a murfin kwalaben jam. Rubutun ya ɗan gangara dama, kamar yadda nata yake yi. Na buɗe ciki. Rubutun Mama ne, ƙanana a jere, aya, sunayen iyaye, lokacin coci, lokacin gaisuwa. A can ƙasa kuma, kamar kowane katin aure da aka taɓa aikawa daga ƙauyenmu, ga layin da na manta da shi sam: adireshin ma'aurata bayan biki. Sunan titin gonar, lambar gida, Tholen. Jerin sunayen abokan aikina kuwa ni na ba Mama da hannuna tun watan Janairu, na Malama Hoogland ne na farko.

Ta yi mini murna, ta ce hoton ya yi kyau, ba ta ce komai game da rubutun ba. Ta ce kafin ta zama shugaba lissafi take koyarwa, ta duba tafiyar a waya, ba ta ga yadda za a yi ta kullum ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa yi ba.

"Aure ba laifi ba ne, Lieneke. Abin da ban ji daɗi ba, daga mai kawo wasiƙa na ji. Takardar tana nan har gobe sha biyun rana. In za ki zauna, ki sa hannu. In sa hannun na wata biyu ne, kada ki sa, akwai mai jira, kuma yaran nan sun gaji da sababbin fuskoki."

Ta ce tana ofis har ƙarfe biyar, ta fita, ta bar mini katin.

Na zaro waya, wadda take a kashe tun safe saboda aji. Saƙon Mama ne a sama, da hoton teburin kicin cike da ambulan a jere. *Mun taya ki, ni da Gwaggonki. Duka sun tafi jiya, biyu kawai muka ɓata. Yanzu hankalinki ya kwanta. Mama.* Ban ji haushinta ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Kwana biyu suka yi a duƙe, tsofaffi biyu, don su sauke mini kaya. Ni na tura kwalin ƙarƙashin gado, a gidan matar da take share ƙarƙashin gado kowace Litinin tun kafin a haife ni. Na zauna a kujerar Renske na yi kuka, ba mai sauti ba, don masu shara sun fara shigowa baranda.

Sai na ga akwai wani saƙon a ƙasa, na Marinus, wanda duk saƙonninsa ba sa wuce *to* da *sai Asabar*. Mamarsa ta nuna masa nasu katin da safe.

*Kin ce mini launi uku ne. Biyu na gani, kuma rubutun ba naki ba ne. Tun Asabar na ga ba ki kalli tagar nan da kyau ba.*

Na biyun ya shigo minti ashirin da suka wuce.

*Ina ƙasa, wurin rumfar kekuna. Ba sauri nake ba.*

Na je taga. Motar gonarsa ce, koriya, laka har ƙofa, a tsakiyar kekunan yara. Yana jingine da ita, sanye da kwat ɗinsa na coci, ranar Alhamis, a makon shuka albasa, makon da ko jana'iza sai ya duba sama kafin ya je. Ofishin Malama Hoogland yana hawa na ɗaya, ƙofar fita tana ƙasa, matakala ɗaya ce take bi ta duka biyun. Na sa makullin ajin a aljihu, na ɗauki linon, har na kai ƙofa wayar ta sake motsi.

*Ki sauko da linon, da wuƙar ma. In sunana ne ya hana ki yankawa, gara in ji daga bakinki.*